Da me ake auna filin besbol har a ce wannan ya fi wancan?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Bronx ta birnin New York ya yi tambaya, ya ce bai daɗe da fara kallon besbol ba, abokan aikinsa kuma kullum cikin musu suke kan filin da ya fi kowanne, wannan ya ce Fenway, wancan ya ce na Pittsburgh, wani ya rantse babu kamar Yankee Stadium, shi kuwa a ganinsa fili ai fili ne, ciyawa ce da kujeru. To da me ake aunawa, kuma in mutum zai kashe kuɗinsa ya je guda biyu ko uku ta ina zai fara?

To ɗan'uwa, abin da ya sa kake ganin duk ɗaya ne shi ne da ƙwallon ƙafa ka taso kamar yawancinmu. A ƙwallon ƙafa raga ɗaya ce ko'ina, bambancin tsawo da faɗin fili kuma 'yan mitoci ne. A besbol abin da doka ta ƙayyade tsaf cikin fili ne kawai, ƙafa 90 tsakanin kowace tasha da ta gaba cikin tashoshi huɗun da mai bugu ke zagayawa ya ci maki, ƙafa 60 da inci 6 daga inda mai jifa yake tsayawa zuwa gida inda mai bugu yake jira. Daga nan zuwa katangar baya kowa da tasa. Akwai ƙa'idar cewa duk filin da aka gina bayan 1 ga Yuni 1958 kada nisan katangarsa ya gaza ƙafa 325 ta gefe biyun da 400 ta tsakiya, amma an sha yi wa ƙungiyoyi sassauci, shi ya sa na San Francisco da aka buɗe a 2000 gefen damansa ƙafa 309 ne kacal. Kaga kenan shi filin kansa yana cikin wasan, ƙwallon da za ta tsallake katanga a wani gari, a wani garin hannun ɗan wasa za ta faɗa ba wahala.

Don haka abin da nake fara dubawa shi ne yadda filin yake juya wasa. Ɗauki Fenway Park na Boston, wanda aka buɗe a 1912, shi ne mafi tsufa da ake wasa a ciki yanzu. Katangarsa ta hagu da ake kira Green Monster tsayinta ƙafa 37 ne, nisanta daga gida kuma ƙafa 310. Ƙwallon da aka ɗaga sama can ba ƙarfi sosai, wadda a wani filin kamawa za a yi a sallami mai bugu, a Fenway sai ta daki katanga ko ma ta haye. Amma bugun da ya tafi a miƙe da ƙarfin gaske, wanda ko'ina hom-ron ne, wato ƙwallo ta haye katanga mai bugu ya zagaye tashoshi duka ya ci maki, a can sai ka ji ƙarar ta daki bango ta dawo, mai bugun ya tsaya a tashar farko yana huci. Katanga ɗaya, tana ba wa wani tana ƙwace wa wani. A nan Bronx ɗinku kuma gefen dama ne gajere, ƙafa 314, shi ya sa Yankees suka daɗe suna son masu bugu da hagu.

Sai iska. Coors Field na Denver yana kan tsayin kusan ƙafa 5,200 daga teku, har akwai layin kujeru masu launin shunayya can sama da ke nuna daidai ƙafa 5,280, wato mil ɗaya. Iskar wajen ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, jifan da ake murɗawa don ya lanƙwashe kuma baya lanƙwashewa yadda ya kamata. Da za su gina filin, wanda aka buɗe a 1995, sai suka ja katanga baya, 415 ta tsakiya, don a rage hom-ron, sai hakan ya buɗe wata ƙofar, fili ya yi wa mutum uku masu tsaron filin baya girma, ƙwallo tana ta faɗuwa tsakaninsu. A kakar 1999 kaɗai an buga hom-ron 303 a filin nan. A 2002 suka fara ajiye ƙwallaye a wani ɗaki mai danshi don kada su bushe su yi tsalle da yawa, abin ya ɗan lafa, tun 2022 kuma duk filaye 30 na babban lig ɗin Amurka, MLB, suna da irin ɗakin. In kana son ganin ƙarshen lamarin iska ka nemi wasan da Padres da Giants suka yi a birnin Meziko a Afrilun 2023, garin da ya fi Denver tsayi, aka tashi 16 da 11 da hom-ron 11 a wasa ɗaya. Wrigley na Shikago shi kuma fili biyu ne a wuri guda, ranar da iska ke busowa daga tafkin Michigan zuwa ciki masu jifa ne da gari, ranar da take fita waje kuwa sai addu'a, mutanen unguwar tutocin saman allon maki suke dubawa tun kafin a fara su san irin wasan da za su gani.

Akwai lissafin da masana ke yi na wannan, ba wuya gare shi ba. Ka ɗauki makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta a wasannin gida, ka raba da yawan wasannin, ka yi haka ga wasannin waje, sai ka raba na gida da na waje ka ninka da 100. In ya fito 100 filin ba ya goyon kowa, sama da haka na masu bugu ne, ƙasa da haka na masu jifa. Coors kusan kullum shi ne a sama, na Seattle kuma ya daɗe yana can ƙasa. Sai dai kada ka yarda da lissafin shekara ɗaya, wasan gida 81 ne kawai a kaka, zafin bazara ɗaya ko rashin lafiyar masu jifa biyu ya isa ya karkatar da shi, a haɗa shekara uku tukunna. Kuma wannan lamba ba ta cewa fili mai kyau ne ko marar kyau fa, halinsa kawai take faɗa maka.

Inda nake tsayawa da gaske shi ne tambayar daga ina wannan halin ya fito. Green Monster ba ado ba ne, titin Lansdowne ne a bayansa, filin da suka samu kenan, babu inda za a ja katanga sai dai a ɗaga ta sama. Tsofaffin filayen duk haka suke, kamar gidajen cikin gari ne da katangarsu ke lanƙwashewa tana bin lungu saboda maƙwabci ya riga ka gini, kowace kwana tana da dalilinta. Wannan shi nake ba wa daraja. A Baltimore, Camden Yards da aka buɗe a 1992 sun tarar da dogon sito na jan bulo na kamfanin jirgin ƙasa na B&O, maimakon su rushe sai suka gina filin a jikinsa, titin Eutaw ya ratsa tsakanin siton da kujeru. In ka shiga titin nan kafin wasa ka dubi ƙasa, za ka ga ƙananan faranti na tagulla masu siffar ƙwallo an kafe su cikin daɓen, kowanne da sunan ɗan wasa da ƙungiyarsa da kwanan wata da nisan bugun, daidai inda ƙwallon ta faɗo, za ka ga uba ya durƙusa da ɗansa suna karantawa mutane na kewaye su suna wucewa. A San Diego ma haka, tsohon ginin Western Metal Supply suka bari, kusurwarsa ce ta zama iyakar gefen hagu. Amma ka kwatanta da Houston, inda suka tara ƙasa suka yi tudu a tsakiyar filin baya har da sandar tuta a cikin wurin wasa, ba don komai ba sai don a ce su ma suna da abin mamaki, 'yan wasa na gudu da baya suna tuntuɓe, bayan kakar 2016 aka baje shi. Abin da aka ƙirƙira don burgewa baya daɗewa, kuma in kana auna fili ka koyi bambance su.

Ɗan tarihi zai taimaka maka ka gane musun abokan aikinka. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 garuruwa suka yi ta gina manyan filaye zagayayyu na siminti don besbol da ƙwallon Amurka su yi tarayya, Busch a St. Louis 1966, Riverfront a Cincinnati da Three Rivers a Pittsburgh 1970, Veterans a Philadelphia 1971. In aka rufe maka ido aka ajiye ka a tsakiya ba za ka san garin da kake ba, kuma kujerun ba su dace da ko ɗaya cikin wasannin biyu ba. Duk huɗun an rushe su. Camden Yards ne ya juya akalar, bayansa kusan kowa ya koma jan bulo da ƙarfe da kallon gari. White Sox na Shikago ne suka yi rashin sa'a, nasu sabon ya buɗe a 1991, shekara ɗaya kacal kafin Baltimore, da bene mai tsayi mai gangara da mutane suka yi ta kuka da shi har sai da aka cire layuka takwas na can sama daga baya.

Wannan ya kawo mu kan kujera, kuma a nan ne yawancin masu jera filaye suke yaudarar mutane, don daga bayan gida ko ɗakin manya suke kallo, daga can kuwa kowane fili mai kyau ne. Ni daga kujerar mai ƙaramin ƙarfi nake aunawa, benen sama. Tsofaffin filaye suna da ginshiƙai da ke tare wa wasu gani, gaskiya ne, a Fenway da Wrigley akwai kujerar da za ka biya kuɗinka ka zauna ƙarfe na tsaye tsakaninka da mai jifa. Amma ginshiƙan nan su ne suke riƙe benen sama kusa da fili, a tsohon Tiger Stadium na Detroit da aka bari a 1999 benen dama har leƙowa yake kan filin wasa. Sababbin sun cire ginshiƙai, sun cusa hawa ɗaya ko biyu na ɗakunan masu kuɗi a tsakani, sai benen talaka ya koma sama ya koma baya. Shi ya sa PNC Park na Pittsburgh, wanda aka buɗe a 2001, yake cin gasar nan a wajena, hawa biyu ne kawai, mutum kusan dubu 38 yake ɗauka, ko daga layin ƙarshe kana ganin wasan sosai, ga kogin Allegheny da gadar Roberto Clemente mai ruwan ɗorawa da dogayen benayen gari duk a gabanka, katangar dama kuma ƙafa 21 ce saboda lambar rigar Clemente, tsohon gwarzon ƙungiyar garin. Ka duba kuma ina kujerar ta fuskanta, a gefen dama na Fenway akwai waɗanda tsakiyar filin baya suke kallo, sai ka wuni da wuya a karkace, ga su matsattsu don da jikin mutanen zamanin da aka auna su. Ka duba in ka tashi sayen abinci ko kana iya hango wasa daga barandar, sababbi da yawa a buɗe suke, tsofaffi kuwa rami ne, sai dai ka ji ihu ka tambayi me ya faru.

Rana ma abin lissafi ce. Littafin doka ya ba da shawarar layin da ya tashi daga gida ya bi ta tasha ta biyu ya fuskanci gabas maso arewa kaɗan don kada ranar yamma ta shiga idon mai bugu, to a filayen da suka bi wannan gefen tasha ta uku ne ke fara samun inuwa, na dama kuwa rana a fuska har ta faɗi. Ba duka suka bi ba, ka bincika kafin ka sayi tikitin wasan rana a Yuli.

Batun rufi akwai masu cewa duk filin da ke da rufi ya faɗi jarrabawa, ban yarda ba. A Phoenix ko Arlington ta Texas zafin bazara ba abin wasa ba ne, Rangers na Arlington sun bar fili mai kyau da aka gina a 1994 suka koma mai rufi a 2020 kuma zafi ne babban dalili. Abin tambaya shi ne rufin yana buɗewa, kuma yana shiga cikin wasa? Tropicana Field na Florida rufaffe ne ruf, da zobban ƙarfe a sama da ƙwallo ke daka, har sai da aka rubuta musu doka ta daban, in ta daki na ƙasa guda biyun ta cikin iyaka hom-ron ne, in na sama ne wasa na ci gaba, wannan aibi ne na gaske. Guguwar Milton ta yage rufin a Oktoban 2024 har Rays, ƙungiyar da ke wasa a ciki, suka yi kakar 2025 a ƙaramin filin atisayen Yankees a Tampa. Ciyawar roba ma daga matsalar rufi ta shigo, Astrodome na Houston ya buɗe a 1965, hasken gilashin saman ya hana 'yan wasa ganin ƙwallo, aka shafa masa fenti, ciyawa ta mutu, a 1966 aka shimfiɗa ta roba.

Sai alaƙar fili da garinsa, wadda a wajena nauyinta ɗaya da na kujera. Ya ake zuwa, kuma in an tashi ina ake shiga? Wrigley, wanda aka gina a 1914, cikin unguwa yake tsundum, ka sauka daga jan layin jirgi a tashar Addison ka taka kaɗan ka iso, gidajen da ke titin Waveland da Sheffield har kujeru suka kafa a rufinsu, bai ma samu fitilun wasan dare ba sai 1988. Ganyen da ya lulluɓe katangarsa tun 1937 aka shuka shi, in ƙwallo ta shige ciki ta ɓace ɗan wasa hannu yake ɗagawa sama alƙali ya ba mai bugu tasha biyu, in kuwa ya kuskura ya sa hannu yana lalube to wasa na tafiya. A Pittsburgh ana rufe gadar Clemente ga motoci ranar wasa, jama'a su tako da ƙafa daga cikin gari. Dodger Stadium na Los Angeles kuwa, 1962, mutum dubu 56, mafi girma a lig, kyakkyawa ne ƙwarai da duwatsun San Gabriel a bayansa in yamma ta yi, amma tsibiri ne a tsakiyar wurin ajiye motoci, shiga da fita sai haƙuri. Kuma ni ba na iya auna shi ban tuna cewa unguwar Chavez Ravine ce a wurin ba, iyalai 'yan asalin Meziko aka tasa, na ƙarshensu da ƙarfi aka fitar a 1959. Haka batun wanda ya biya kuɗin gini, na San Francisco akasari da kuɗin ƙungiya aka yi shi, Braves na Atlanta kuwa sun bar Turner Field bayan kaka 20 kacal suka koma bayan gari a 2017 da ɗaruruwan miliyoyin dala na harajin gundumar Cobb. Wani zai ce wannan ba ruwan ɗan kallo, ni ina sa shi a ma'auni.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa fili da ƙungiya. Mutum ya je wasan ƙarshen kaka ko na Yankees da Red Sox, wuri ya cika maƙil ana ta ihu, ya dawo ya ce babu fili kamar wannan, alhali taron ne ya burge shi. Pirates na Pittsburgh sun fi yawan shekarunsu a PNC suna shan kashi, bai rage wa filin komai ba. Oakland Coliseum kuma gini ne da ya lalace, har ruwan masai ya sha malalowa ɗakunan 'yan wasa, benen da aka ɗora a 1996 saboda ƙwallon Amurka ya toshe kallon tsaunuka, amma 'yan kallonsa masu ganguna na cikin mafi zafi har ƙungiyar ta tashi bayan 2024. To ka raba su gida biyu, in gini kake aunawa ka je ranar Talata da ƙungiyar da ba kowa ba. In kuma taro kake nema Japan ce, Koshien da ke Nishinomiya, 1924, cikin filinsa baƙar ƙasa ce ba ciyawa, nan ake gasar makarantun sakandare ta ƙasa duk Agusta, yaran da aka fitar za ka gansu sun durƙusa gaban benci suna kuka suna kwasar ƙasar da hannu biyu suna zubawa a jaka su tafi da ita gida. Ba lissafin maki da zai kama wannan.

Shi ya sa jerin nan da ake yi, abinci maki goma, wurin ajiye mota goma, banɗaki goma, allon talabijin goma, a tara a fitar da zakara, ban cika ba shi muhimmanci ba. Da irin wannan lissafin sabon fili a bayan gari mai faffaɗan banɗaki zai doke Fenway kullum, kuma kowa ya san akwai abin da ya ɓace. Abinci dai ka duba shi don kanka, tsiran cikin burodin nan da yawa akwai naman alade sai ka tambaya, giya kuma tana yawo sosai musamman kujerun bayan katanga, wasu filayen na da sashen iyali da ba a sha, da yawa kuma suna bari ka shigo da abincinka cikin leda mai nuna ciki, ka karanta dokar kowanne kafin ka fita. Wasan dare wajen ƙarfe bakwai ake farawa, magariba za ta same ka a ciki, ka iso da wuri ka ga inda za ka raɓe.

Tunda a Bronx kake, ka fara da na ƙofar gidanka, Yankee Stadium, jirgi lamba 4 ko D zuwa titi na 161. Ka je da wuri ka shiga Monument Park, wurin tunawa da tsofaffin gwarazan Yankees, kafin a rufe, ka hau benen sama, ka kuma lura da shingen da ya raba kujerun manya na gaba da sauran jama'a, waɗanda sau da yawa za ka gansu ba kowa a kai alhali sama ta cika. Sati na gaba ka hau lamba 7 zuwa Citi Field a Queens, shekarar buɗe shi da Yankee Stadium ɗaya, 2009, gari ɗaya, yanayi ɗaya, ka sayi tikiti mai kuɗi daidai da na farkon, ba za ka samu gwaji mai adalci kamar wannan ba. Na uku ka hau jirgin ƙasa zuwa Baltimore, tikitin Camden Yards ya fi na Boston sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Fenway ka bar shi sai idonka ya saba, kuma ranar da za ka saya ka tabbata an nuna maka hoton abin da ake gani daga kujerar kafin ka biya.